Daga Kwararafa zuwa Fuskar Waya: Tarihin Sunayen Jos a Kan Taswira

Zamanin fatake, 1349 zuwa 1867

Taswirar farko da aka yi tafiya da ita tsakanin ƙasar Hausa da kwarin Binuwai a cikin kawunan fatake take. Madugu da jagabansa sun haddace hanya zango bayan zango: daga wannan gari zuwa wancan yini guda ne, akwai kogi a tsakani, sarkin wurin yana karɓar kuɗin fito. Garin da ke da ruwa, ko kasuwa, ko haɗari, shi ne yake shiga haddar. Ƙauyen da ba ya ba ayari komai, ba ya kuma hana shi wucewa, ba ya samun wuri. Ke nan tun kafin takarda ta shigo, akwai mai zaɓen sunan da za a riƙe da wanda za a bari, kuma bukatarsa ce take yi masa zaɓen.

Babban sunan da ke kudu a wancan zamani shi ne Kwararafa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambaci Kwararafa tun zamanin Sarki Yaji, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385.  Littafin ya kawo hare-haren Kwararafawa a kan Kano a zamanin Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618), da na Kukuna, da na Dadi (1670 zuwa 1703). A Katsina ma malam Ɗan Marina ya yi waƙar Larabci yana murnar nasarar da Mai Ali na Borno ya samu a kansu a ƙarni na 17. Wannan shi ne abin da rubutu ya adana: suna, da yaƙe-yaƙe, da tsoro. Bai ce ga inda birnin yake ba.

Sauran bayanin daga bakin magabata ya zo. Jukunawan Wukari suna cewa su ne magadan daular. Al'ummomi da yawa a jihohin Filato, Nasarawa, Binuwai da Taraba suna ba da labarin cewa kakanninsu daga Kwararafa suka watsu. Masana tarihi kuwa har yau suna muhawara: daula ɗaya ce mai sarki ɗaya, ko ƙawancen al'ummomi ne, ko kuwa suna ne da mutanen arewa suka yafa wa duk maƙwabtansu na kudu masu ƙarfin yaƙi? Ga mai zana taswira wannan babbar matsala ce, domin suna ne da ba shi da ɗigon da za a jingina shi. Duk da haka ya ƙetare hamada ta bakin 'yan kasuwa, har ya bayyana a taswirar d'Anville, Bafaranshen nan na ƙarni na 18 da bai taɓa taka Afirka ba.

A 1824 Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar da aka zana a fadarsa da sunaye cikin Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. Heinrich Barth ya kai Yola a 1851, yana tafe yana rubuta jerin zanguna daga bakin fatake da alhazai. Baikie ya haura Binuwai da jirgin ruwa a 1854, Gerhard Rohlfs ya bi ta Bauchi zuwa Keffi a 1867. Dukansu gefen tsaunukan Jos suka bi. Dalili a fili yake: dawakan masarautar Bauchi ba su taɓa mallake ƙoƙuwar tudun ba, Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu sun riƙe duwatsunsu, wasunsu da yarjejeniyar amana, ayari kuma ba ya bin inda ba shi da tabbaci. Abin da fatake ba su ratsa ba, Turawa ba su ji labarinsa ba. Sai aka shimfiɗa sunan Bauchi a kan tudun gaba ɗaya, ya rufe ɗaruruwan garuruwa masu sunayensu.

Kuza ta kira 'yan safiyo, 1902 zuwa 1927

Abin da ya sa aka auna tudun da gaske shi ne kuza. Maƙeran Ririwai da na Ririwan Dalma sun daɗe suna narka ta suna sayarwa a siffar siraran tsinke, kuma waɗannan tsinke ne suka isa hannun Kamfanin Neja a bakin Binuwai. A 1902, shekarar da Turawa suka ci Bauchi, kamfanin ya aiko George Nicolaus ya nemo asalinta. A bayansa H. W. Laws ya zo, ya kafa sansani a Naraguta, a bakin kogin Dilimi, a tsakanin 1903 da 1904. Al'ummomin tudu sun yi tirjiya, aka yi ta aiko musu da sojoji shekara da shekaru. Daga 1909 zuwa 1912 kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da zancen kuzar Nijeriya, kamfanoni gommai suka yi ca.

Kowane kamfani yana son fili, kowane fili kuma sai an auna shi, an kafa masa duwatsun iyaka, an zana. Taswirorin farko na wannan yanki don raba filayen haƙa aka yi su, kuma hakan ya bayyana a irin sunayen da suka hau takarda. Ɗan safiyo Bature yana tafe da tafinta da 'yan dako masu jin Hausa. Idan ya tambayi sunan wuri, abin da tafinta ya faɗa shi yake rubutawa. Barikokin leburori kuma suna ta tsirowa da sunayen da mazaunansu suka raɗa musu: Barikin Ladi, Sabon Gida, Dorowa, Mai Adiko, Gindin Akwati. Naraguta kanta yadda Hausawa ke kiran ƙasar Anaguta ce. Wasu wuraren da sunayen Turawa suka tashi, irin su Rayfield da Anglo-Jos. Sunayen asali da yawa sun ci gaba da rayuwa a bakin masu su, amma takarda ba ta san da su ba.

Game da sunan Jos kansa, riwayoyi sun bambanta. C. G. Ames, a littafinsa na bayanin Lardin Filato na 1934, ya ce daga sunan wani ƙauye mai suna Geash ya samo asali, harshen baƙi ya sauya shi. Afizere suna cewa Gwash ne, ƙauyen kakanninsu. Birom suna cewa daga kalmarsu ta Jot ne, wato maɓuɓɓugar ruwa. Akwai ma masu cewa haruffan farko ne na wata jimlar Turanci da mishan suka haɗa, wannan kuwa zancen baya-bayan nan ne da babu takardar da ta goyi bayansa. Kowace riwaya tana ɗauke da da'awar wanda ya riga zuwa, shi ya sa ba a ɗaukar zancen da wasa a Jos. Abin da ke rubuce shi ne jirgin ƙasa mai siririn layi daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, ana kiransa da sunan Bauchi duk da bai taɓa zuwa Bauchi ba. Aka shata garin Jos a hukumance a 1915. Aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya a 1919 ƙarƙashin J. D. Falconer, rahotonta na farko a 1921 kuma a kan filayen kuzar tudun nan ne. A 1926 aka yanke Lardin Filato. A 1927 babban layin dogo ya iso daga Kafanchan. Cikin shekara goma sha ɗaya Jos ta tashi daga sabon gari zuwa hedikwatar lardi, haruffanta suka yi kauri a taswira, na Naraguta suka ƙanƙance.

Amma tsohon suna ba ya mutuwa da sauƙi a ofishin safiyo. Har yau takardar taswirar gwamnati da ta ƙunshi birnin Jos ana kiranta Naraguta mai lamba 168. Ɗalibin ilimin duwatsu a Jami'ar Jos da wannan suna zai nemi ta.

Hoto daga sama, rubutu da hannu, 1946 zuwa 1985

A 1946 Birtaniya ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, aka koma ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Daga waɗannan hotuna, tare da ma'aunin da aka kafa tushensa a Minna, aka fitar da taswirori masu ma'aunin 1:100,000 da 1:50,000 da ake amfani da su har bayan samun 'yanci. Hoto yana nuna dutse da kogi da rufin ɗaki da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ba ya nuna suna. Sai an tura mutum ya je ya tambayo, sannan mai zane ya zauna ya nemi inda zai rubuta.

Wannan aiki na ƙarshe ya fi yadda ake zato wahala. An daɗe ana ƙiyasta cewa sanya sunaye yana iya cinye kusan rabin lokacin haɗa taswira. A 1962 Eduard Imhof, malamin taswira a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya tattara ƙa'idojin da gwanaye ke bi ba tare da sun rubuta ba. Fassarar Turancin ta fito a 1975. Suna ya karantu. Mai kallo ya gane nan take wane ɗigo ne mai wane suna. Kada suna ya hau wani suna, kada ya rufe abin da ake son a gani. Babban gari da manyan haruffa, ƙarami da ƙanana. Idan akwai sarari, a fi son ajiye suna sama kaɗan ta hannun dama na ɗigon. Garin da ke gaɓar kogi, sunansa ya zauna a gaɓar da garin yake.

Akwai kuma tambayar sunaye nawa za su tsira idan an rage girman taswira. Friedrich Töpfer na Jamus ya ba da amsa ta lissafi, wadda ta fito da Turanci a 1966: idan aka sauko daga 1:50,000 zuwa 1:200,000, kimanin rabin abubuwan ne za su rage. Lissafin ya faɗi yawan da za a zubar, bai faɗi waɗanda za a zubar ba. Wannan hukunci yana hannun mai zane, kuma yana da illar da masu sana'ar suka sani sarai. A Amurka, birnin Baltimore mai ɗimbin jama'a yakan ɓace a ƙananan taswirori saboda yana maƙale da Washington, alhali ƙaramin garin Alice Springs da ke tsakiyar hamadar Ostireliya kullum yana nan, don babu mai matse shi. Bukuru ta san wannan ciwo. Tana da nisan kimanin kilomita 15 daga tsakiyar Jos, ita ce cibiyar manyan kamfanonin kuza a wancan zamani, amma a taswirar Nijeriya sunan Jos yakan danne ta, yayin da garuruwan da ke zaune su kaɗai a fili suke samun wuri.

A wannan tsakani ƙasa tana ta sauya iyakoki. Jos ta zama hedikwatar jihar Binuwai-Filato a 1967, ta Filato a 1976. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, barikoki da dama suka koma ƙauyukan manoma, wasu suka zama unguwanni. Taswirar takarda tana tsufa, gari yana girma ya bar ta a baya.

An miƙa wa kwamfuta alƙalami, 1972 zuwa 1999

Pinhas Yoeli na Isra'ila ne ya fara rubuta, a 1972, yadda za a koya wa kwamfuta wannan aiki: a ba kowane ɗigo gurabe takwas a kewayensa, a jera su daga wanda aka fi so, a gwada ɗaya bayan ɗaya. A 1984 Herbert Freeman da John Ahn suka gina manhajar da ke bin ƙa'idoji irin na Imhof. Steven Zoraster ya shigo da lissafin neman mafi dacewa a 1986, aikinsa kuma ya shafi taswirorin rijiyoyin man fetur, inda ɗigogi ke cunkushe. A nan ma ma'adini ne ya tura ilimin gaba.

Nan da nan aka gano cewa matsalar tana da zurfi. Ɗauki unguwanni 30 na Jos, ka ba kowace gurbi huɗu kacal. Hanyoyin jera sunayensu sun haura biliyan sau biliyan. Matsar da sunan Gangare yana iya tilasta matsar da na Dilimi, wannan ya ture na gaba, har zuwa Farin Gada. A 1991 Michael Formann da Frank Wagner a Jamus, da Joe Marks da Stuart Shieber a Amurka, suka tabbatar cewa wannan yana cikin rukunin matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri da za ta ba da amsa mafi kyau a kowane hali ba. Daga nan aka daina neman kammalalliyar amsa, aka koma neman mai kyau da za a samu cikin lokaci.

A 1995 Jon Christensen da Marks da Shieber suka gwada dabaru daban-daban, wadda ta yi fice kuma daga maƙera aka aro ta. Ƙarfen da aka narka, idan aka bar shi ya huce a hankali, ƙwayoyinsa sukan zauna daidai. Idan aka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, sai ya daskare a yadda ya samu kansa. Haka kwamfutar take yi. Da farko tana watsa sunaye ko'ina, tana matsar da su, har tana yarda da matsin da ya ƙara ɓata tsari, don kada ta maƙale a gyaran da bai kai ba. Tana tafiya tana rage wannan sassauci, har sunaye su lafa. A 1999 Marc van Kreveld da Tycho Strijk da Alexander Wolff suka nuna cewa idan aka bar suna ya zame a gefen ɗigonsa maimakon ɗaure shi a gurabe ƙididdigaggu, sunaye da yawa za su ƙara samun shiga. Duk wannan kuwa don taswira mai tsayawa wuri ɗaya ne, wadda kwamfuta za ta iya ɓata mintoci a kanta kafin a buga.

Taswira ta fara motsi, 2000 zuwa 2014

A watan Mayun 2000 Amurka ta daina dusashe siginar GPS da farar hula ke samu. A 2004 Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Ingila, taswirar da kowa zai iya gyarawa. A watan Fabrairun 2005 Google Maps ta fito. Tsarin da waɗannan taswirori suka bi shi ne na hawa-hawa. A hawa na sifili duniya duka tana cikin hoto ɗaya mai ƙwayoyin haske 256 a tsaye, 256 a kwance. Kowane hawa na gaba yana ninka girman sau biyu, har kusan hawa na 20. Mai waya idan ya buɗa yatsunsa biyu ya zuƙo taswira, waɗannan hawa yake bi.

A nan ne ciwon Bukuru ya koma lissafi. A hawa na 7, a daidai inda Jos take, ƙwayar haske ɗaya tana wakiltar kimanin kilomita 1.2 a ƙasa. Ke nan tsakanin Jos da Bukuru ƙwayoyi 12 ne ko 13, alhali rubutun sunan Bukuru kaɗai yana son ninkin haka sau uku. A hawa na 10 tazarar ta kai ƙwayoyi 100, kowa ya samu wuri. Sai an kai wajen hawa na 15, inda ƙwaya ɗaya ba ta kai mita biyar ba, sannan tituna da masallatai da coci-coci da shaguna za su fara gasar tasu. Ƙasa tana faɗaɗa da ƙanƙancewa a ƙarƙashin yatsa, haruffa kuwa girmansu ɗaya, domin ido ne zai karanta. Daga wannan saɓani duk wahalar ta fito.

Da farko abin da aka yi shi ne a zana kowane hawa daban, da sunayensa a manne cikin hoton. Sakamakon ya dami masu amfani. Ka ga sunan gari a hawa na 8, ka zuƙo zuwa na 9 ya ɓace, ya dawo a na 10 a wani gefen. Mai tuƙi da ke satar kallon waya ba shi da lokacin neman sunan da ya yi tsalle. A 2006 Ken Been da Eli Daiches da Chee Yap suka rubuta ƙa'idojin da suka zama ginshiƙin fannin. Idan kana matsowa kusa, sunan da ya riga ya bayyana kada ya ɓace. Idan kana ja da baya, sabon suna kada ya ɓullo. Suna kada ya yi tsalle ko ƙyaftawa. Kuma abin da ke fuskar waya ya dogara ga inda kake kallo yanzu, ba hanyar da ka bi ka iso ba: wanda ya zuƙo Jos daga taswirar Afirka da wanda ya ja baya daga titin Bauchi, idan suka tsaya a hawa ɗaya, abu ɗaya za su gani.

Been da Martin Nöllenburg da Sheung-Hung Poon da Wolff suka ɗora a kai a 2008. Dabararsu ita ce a daina tunanin taswirori ashirin, a ɗauki ma'auni a matsayin tsawo na uku. Filin ƙasar da suna ke rufewa yana ƙaruwa yayin da ake ja da baya, don haka kowane suna yana da siffar dala da aka kifa a kan tsininta, tana faɗi tana hawa sama. Inda dala biyu suka yi karo, dole a sare kan ɗaya. Abin da ya rage wa kowane suna shi ne zangon rayuwarsa: daga kusa-kusa har zuwa hawan da aka sare shi, ba tare da yankewa a tsakani ba. Burin lissafin shi ne jimillar waɗannan zanguna ta yi tsawo iyakar iko. Sun nuna cewa wannan ma yana cikin matsaloli masu wuyar nan, suka kuma kawo hanyoyin da ke ba da tabbacin kusantar amsa mafi kyau, mafi sauƙinsu ita ce a faro daga sama ana saukowa, duk sunan da ya samu sarari a ba shi ya riƙe har ƙasa. A 2011 Andreas Gemsa da Nöllenburg da Ignaz Rutter suka duba abin da ke faruwa idan taswira tana juyawa da juyawar mota, suna kuma dole ya zauna a miƙe. A Jami'ar Würzburg, Nadine Schwartges da abokan aikinta suka gwada sunaye masu zamewa a taswira mai motsi, suka fitar da sakamako a 2014.

A lokacin fasahar ta riga ta sauya. Daga ƙarshen 2010 Google ta fara aika wa wayoyin Android bayanan layuka da ɗigogi maimakon hotuna, wayar ta zana da kanta. Mapbox ta fitar da nata irin tsarin a 2014. Don motsi ya tafi sumul ana son a sabunta fuskar waya sau 60 a daƙiƙa guda. Babu lokacin jiran ƙarfe ya huce. Abin da ake yi a aikace shi ne a jera sunaye bisa daraja, a ajiye na farko, a duba ko na biyu zai hau shi, in zai hau a ɓoye shi, a wuce na uku. Mai daraja yana shiga, na ƙasa yana jiran a zuƙo.

Wa ke ba da darajar? 1991 zuwa yau

A ganina nan ne zancen ya dawo gida, kuma nan ne ya kamata mutumin Jos ya tsaya ya duba da kyau. Lissafin bai san Tudun Wada ba, bai san Unguwar Rogo ba. Lambar daraja yake gani, ita kuma daga rumbun bayanai take fitowa: wannan birni ne ko gari ko ƙauye ko unguwa, mutum nawa ne a ciki, hedikwata ce ko a'a. A OpenStreetMap mutum ne yake shigar da waɗannan da hannunsa. Wurin da ba a shigar ba, ko a zuƙo har hawa na ƙarshe ba zai fito ba. Wurin da aka shigar da ƙaramin matsayi, maƙwabcinsa zai danne shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya ta 2006 ce, ke nan ko adadin da ake dogara da shi ya tsufa.

A Jos kuma suna ba abin wasa ba ne. A 1991 aka raba ƙaramar hukumar Jos zuwa ta Arewa da ta Kudu, aka ƙara ta Gabas a 1996, kuma jayayyar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo ta ƙara zafi. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun ci rayuka masu yawa daga kowane ɓangare, suka sa jama'a suka sake matsuguni bisa addini. Yau akwai wuraren da ke da suna biyu, na Hausa da na Birom ko Afizere ko Anaguta, kuma wanda mutum ya furta yana iya nuna inda ya tsaya. Rumbun OpenStreetMap yana da gurbin ajiye suna a harsuna da yawa, har da Hausa, amma a fuskar waya yawanci ɗaya ne yake fitowa. Zaɓen da tafinta ya yi wa ɗan safiyo a 1910, yanzu wanda ya cike wannan gurbi ne yake yin sa, sau da yawa daga nesa, yana kallon hoton tauraron ɗan Adam.

Ga kuma yadda mutanen gari ke kwatance. Ɗan Jos ba ya cewa lamba kaza titi kaza. Yana cewa a sauke shi a Terminus, sunan da ya samo asali daga ƙarshen layin dogo, ya kuma ci gaba da rayuwa bayan babbar kasuwar wurin ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Yana cewa Kwararafa, yana nufin unguwar da ta ɗauki sunan wani tsohon gidan silima. Mai Keke Napep da waɗannan yake aiki. A tsarin darajar da aka gina bisa garuruwan Turai da Amurka, irin waɗannan sunaye ƙanana ne, sai an zuƙo sosai su fito, in ma an shigar da su. A rayuwar gari kuwa su ne manya.

Kayan aikin ba su yi wa Jos nisa ba. Cibiyar ƙasa ta nazarin hotunan tauraron ɗan Adam a Jos take, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya da aka kafa a 1999, wadda ta harba NigeriaSat-1 a watan Satumban 2003. An kuma ga abin da tattara sunaye a ƙasa ke iya yi. Daga 2012, yaƙi da shan inna a Kano da sauran jihohin arewa ya koma amfani da hotunan sama da wayoyi masu GPS, tare da ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano. Da aka gwada taswirorin da ma'aikatan riga-kafi ke zanawa da hannu da abin da hoto ya nuna, sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin jerin kowa, yaransu kuma ana tsallake su. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi masu unguwanni da dagatai sunayensu, aka shigar. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta rage. Shirin GRID3 ya ci gaba da wannan aiki, yana tattara sunayen matsugunai da asibitoci da makarantu jiha bayan jiha, Filato na ciki, kuma yawancin bayanan a buɗe suke ga duk mai son saukewa ya duba ko ƙauyensu yana ciki, da kuma sunan da aka rubuta masa.